Surukina da Yake Karanta wa Buta Littattafan Ailan

An yi wa surukina ƙarya a zaman makokinsa, kuma har yau ban huce ba. Ƙaryar yabo ce, shi ya sa babu wanda ya ga laifinta sai ni. Kwana uku ana hawa ana sauka a gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka, maza a kan kujerun da aka jera a lungu, mata a falon sama. Kowa ya zo da nasa Alhajin, babu wanda ya zo da wanda na zauna da shi shekara talatin da ɗaya.

Matar maƙwabcinmu ta ce, "Allah sarki, bawan Allah. Daga masallaci sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci." Ƙanwar surukina da ta zo daga unguwar Ka'akiyya ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Yaya ai tun muna yara ba ya wasa. Ni ban taɓa ganin haƙorinsa ba." Ina zuba gahawa na tsaya na dube ta, don na san shekara nawa rabonta da hawa matakalar gidan nan. Ta taga kuma ina jiyo wani tsohon direban tasi yana gaya wa maza, "Wallahi malami ne ɓoyayye. Duk sanda ka ɗaga kai ka dubi tagarsa, kansa na cikin littafi." Maza suka ce masha Allah. Jikokinsa, haihuwar nan, in an yi musu gaisuwa da Larabci su amsa tsaf, in an yi musu da Hausa su yi murmushi su dubi iyayensu.

Ban ce bai yi salla ba. Har ƙafafunsa suka gaza bai yarda asuba ta same shi a gida ba, kuma a Harami aka sallace shi bayan azahar cikin jama'ar da ido ba ya iya ƙirgawa. Allah ya karɓa. Amma rabin mutum suka yaba, ɗaya rabin suka ture shi ƙarƙashin matakala, kuma ba da misali nake magana ba, za ku ji.

Ni matar ɗansa na fari ce. Ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma zan fara yanzu da ya kwanta ba. Baba nake ce masa, shi ma ɗin a bayan idonsa. Ina da shekara arba'in da uku na fara shiga aji, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, in ba zai iya ba ya ajiye.

Baba yana da shekara tara yunwa ta taso su daga wani ƙauye a arewacin Katsina. A ƙafa suka ratsa Chadi. A Sudan suka yi shekaru suna tsinkar auduga, a can ya binne mahaifinsa, a can ya yi ɗan zaman makaranta, a can kuma ya tsinci Turanci a bakin tashar jirgin ruwa kamar yadda kaza ke tsintar tsaba. Da ya girma ya ƙetaro teku ya zama direban wani likita a wani asibiti a Jidda.

Labarin ranar farko na ji shi ya fi sau hamsin. Ya kira likitan Baturen Ingila. Likita ya ce ya tsayar da mota. "Ka ƙara kirana haka in sauka in tafi da ƙafata." Baba ya ce, "To kai wane iri ne?" Ya ce shi mutumin Ailan ne, kuma Turawan Ingila sun mulki kakanninsa tun kafin su san hanyar ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. Duk sanda Baba ya zo nan sai ya tafa hannu. "Fari tas kamar ɓararriyar gyaɗa, ashe shi ma an hau kansa!"

Ranar Alhamis, in Baba zai dawo gida Makka, likitan ne ke tuƙa shi. Direba a gefe, maigida a kan sitiyari, har inda hanya ta rabu, inda wanda ba Musulmi ba yake juyawa. Nan zai tsaya ya ce, "Gai da garinku." Da zai koma ƙasarsu ya ba Baba kwali guda na littattafai goma sha ɗaya: biyar na tarihin ƙasarsu, huɗu na wasan kwaikwayo, biyu na labarin ban dariya a kan sojoji a lokacin yaƙi. Baba ya kai su wajen wani baduku Bakano, aka ɗinka wa kowanne gafaka ta jar fata irin ta Alƙur'anin allo, ya naɗe su a koren ƙyalle ya ɗora saman kabad. Ya ce littafi ba ya son zama tsirara. Ku riƙe zancen gafakar nan.

Kowa ya san abin da ke tsakanin mace da uban mijinta. Ba na shiga ɗakinsa in yana ciki, ba ya shiga kicin, in muka haɗu a matakala in durƙusa in juya fuska. Amma ƙofar ɗakinsa tana kallon ta kicin, labule kawai ya raba. Bayan la'asar zai ɗauko littafi, ya motsa leɓe yana bin Turancin a ransa, sannan ya ɗaga murya ya faɗe shi da Hausa. Surukata yake karanta wa, wai. Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, kafin ya gama shafi ta fara gyangyaɗi da carbi a hannu. Bai taɓa rage murya ba. Ni kuma ban taɓa kunna injin markaɗe ba a wannan lokacin.

Da surukata ta rasu na ce shi ke nan, karatu ya ƙare. Kwana arba'in ɗakin shiru. Ran na arba'in da ɗaya na miƙa shayi ta ƙarƙashin labule, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ke buta, saurara. Tunda babu kowa a gidan nan sai ni da ke."

Butar shayi ce ta ƙarfe, hannunta a ɗaure da waya. Daga ranar ita ce 'yar aikenmu. "Buta, gishirin jiya ya so ya yi yawa." "Buta, kamar na ji ana tari a kicin, akwai zuma a saman firji." Ni ba na amsawa. Sai dai gishiri ya ragu, zuma ta ragu.

Na san Ailan ta bakinsa fiye da yadda na san Jidda. Ƙasa ce da ruwa ya kewaye, sama ba ta gajiya da zuba, ciyawa kore shekara zagaye. Na san shekarun da dankalinsu ya ruɓe a cikin ƙasa, aka riƙa yaye rufin ɗaki don mai shi ya tashi, mutane suka cika jiragen ruwa suka bazu duniya. A wannan wurin ba ya yin sauri. Wata rana ya kai inda ake dukan yara a makaranta in sun yi harshen iyayensu, har aka wayi gari jika ba ya gane maganar kakarsa. Ya rufe littafin. A falo talabijin na ta zuba Larabci, yara na ta ƙyalƙyala dariya.

"Buta," ya ce, "su dai dukansu aka yi. Mu wa ya doke mu?"

Bai taɓa yi wa jika faɗa a kan wannan ba. Da Larabci yake kiran su ya ba su dabino.

Amma wanda ya ce bai ga haƙorin Baba ba, bai zo ranar da ake karanta mai begila ba. Wani soja ne aka ɗora masa aikin busa wa rundunarsu tashi da asuba, shi kuwa duk rundunar babu mai nauyin barcinsa. Ranar da za su kai farmaki ya makara, kowa ya makara, kafin su tashi an yi raga-raga da wurin da ya kamata su tsaya. Janar ya ba shi lambar yabo saboda hangen nesa. Baba ya raba wa kowa murya. Janar yana magana kamar kafili, ubangidan aiki mai jin kansa, mai begila kamar Bagwarin da bai gama farkawa ba, saje kuwa Basakkwace ne tsantsa: "Kai, tashi awa namiji! Mi kaka yi nan?" In ya zo nan sai dariya ta ci ƙarfinsa, ya yi ta buga ƙafa, tari ya sarƙe shi, ni kuma ina kicin na cusa bakin zani a baki. Wani lokaci ƙanen mijina, autansa, yana ƙarami a lokacin, yakan kwanta a bakin ƙofa yana maimaita maganar saje.

Na taɓa jin mijina ya tambaye shi, yaya mutum zai yi dariya da yaƙi. Ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya ga gawa. Ba ka ji ba? Ni ina jin warinta a bayan kowace dariya."

A littafin tarihi ya ci karo da yadda suke zaman makoki. Wai sai su kewaye mamaci suna ba da labarin wautarsa suna dariya. Ya yi ta istigfari a kan abin da suke sha a wurin. Can kuma ya ce, "Buta, in na mutu a yi mini addu'a, ita ce guzuri. Amma a samu mutum guda ya tuna na iya muryar saje."

Faɗanmu ɗaya ne tak, kuma wasan kwaikwayo ne ya jawo shi. Wata tsohuwa ce ɗanta ya tafi ƙetaren teku. Duk wasiƙar da ya aiko sai ta kai wa mai kantin ƙauye ya karanta mata, shi kuwa ya karanta abin da ya ga dama ya haɗiye saura. Ɗan yana cewa ba shi da lafiya, yana roƙonta ta zo, mai kanti yana cewa yana gaishe ta. Shekara bakwai. Ina yanka albasa raina ya ɓaci, ban san sanda bakina ya suɓuce ba.

"Wawuya ce! Shekara bakwai me ya hana ta koya?"

Shekara goma sha tara ina gidan, ranar ya fara jin muryata ta doso shi kai tsaye. Na so ƙasa ta tsage.

"Buta," ya ce a hankali, "tambayar mini mai maganar nan. Ita me ya hana ta?"

Na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Ni da nake kai takardar asibiti wajen 'yar cikina ta karanta mini, nake dangwala yatsa a inda aka nuna. Kwana bakwai ban dafa shayin la'asar ba, sai na sa a sayo masa na kanti a kofin takarda. Shi ma bai buɗe littafi ba. Ran na takwas na tarar da littafin rubutu da fensir biyu a saman firji, kusa da zuma.

Na shiga ajin manya na mata a unguwa, inda na koyi baƙaƙen Larabci tare da tsofaffin da suka haife ni da 'yan matan da na haifa. Daga baya na riƙa hawa bas zuwa unguwar Kudai wajen wata malama Bakanuwa, ta koya mini boko da ajami. Ranar da na fara karanta sunana a jikin iƙamata, katin zaman ƙasa, da kaina, na dawo na tsaya a kicin na ɗaga murya.

"Tukunya, yau na ga sunana. Ashe gajere ne."

Ta bayan labule aka ce, "Buta, ki ce wa tukunya barka. Ki ce mata gemu ba ya hana ilimi, balle wadda ba ta da shi."

Shekara uku bayan haka mijina ya kwanta ciwo, wata biyu Allah ya karɓi abinsa. Ɗan fari ne, don haka Baba bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, bai ma ce "ɗana" ba. In an yi masa gaisuwa sai ya ce, "Yaron nan ya riga mu." 'Yan'uwana suka zo daga Jidda da maganar in na fita takaba za su ɗauke ni. Suna zaune a ɗakinsa, ina jin su. Baba ya juya wajen buta ya ce, "Buta, wanda ya kawo ki gidan nan ya tafi. Shin kin ji na ce ki bi shi?" Yayana ya fito yana ce mini tsufa ya fara taɓa tsohon nan. Na ce masa ya gai da gida.

Wata huɗu da kwana goma ina takaba, kullum bayan la'asar yana karatu, bai tsallake rana ba. Tarihi kawai, jirage da masu tafiya. Sai ranar da na fita ya ɗauko mai begila. Ya yi muryar saje, ya yi dariya, ya yi ta yi, har na ji sautin ya sauya. Na ajiye ludayi na zauna a ƙasa a bayan labule. Shi yana yi a can, ni ina yi a nan. Ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da mutumin nan a ƙarshe na gan shi. Idanunsa sun tafi shekara uku kafin rasuwarsa, amma karatu bai tsaya ba. Wata rana iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta ɗaga labule, na hango shi zaune da littafi a buɗe a cinya, fuskarsa na kallon bango. Yana faɗin wasan tsohuwar nan daki-daki, kowa da muryarsa, yana juya shafi in ya ga ya dace. Littattafai goma sha ɗaya na wata ƙasa da bai taɓa takawa ba, ya juye su zuwa Hausa ya adana a ka. Na yi ta tasbihi. Yaron da ya ratso Chadi ba takalmi.

To, mu koma makoki.

Autan Baba yanzu magidanci ne da furfura a gemu, yana da shagon kayan wuta. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Maganar direban tasi ce ta shige shi. Ya shiga ɗaki ya ga gafakoki a koren ƙyalle, bai buɗe ko ɗaya ba, ya zuba su a kwali ya kai masallacin lungunmu, wakafi, don lada ya isa kabarin Baba. Ni ina sama da mata, ban sani ba.

Ran na uku bayan magariba, lungu cike da maza, sai ga ladanin masallacin da kwali a ka. Ya dire shi a gaban Auta, ya zaro ɗaya ya buɗe. Zanen soja ne kwance yana sharar barci, ya rungume begila, ƙafa ɗaya ba wando.

"Ya akhi, wannan wane kitabi ne?"

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Direban tasi ya sunkuyar da kai. Kafin isha labari ya hawo sama, ƙanwar Baba tana salati tana cewa ita dama ta san zaman yaya da Nasara ba zai ƙare lafiya ba. Aka tura kwalin ƙarƙashin matakala, kusa da tsintsiya.

Washegari da rana na sauka. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa sa hannu a kan littattafan nan ba, don kayan suruki ne. Na durƙusa na zare gafakar farko. A saman shafin farko ya rubuta bisimilla. Gefen kowane shafi kuwa, sama da ƙasa, cike yake da ƙananan baƙaƙe da fensir. Na kai shi wajen haske. Ajami ne. Hausar da nake ji ta bayan labule ce kwance a takarda, ga maganar janar, ga ta saje har da Sakkwatancinsa. Can ƙasan wani shafi na ga wani layi daban: "A nan buta ta yi dariya har ta ƙone albasa." Na buɗe wani. "A nan buta ta yi ajiyar zuciya." Na nemo wasan tsohuwa, na yi ta juyawa har na samu wurin. "A nan buta ta yi magana. Alhamdu lillahi." A ƙarƙashinsa kuma: "Kwana bakwai ba shayi. Na cancanta."

A haka Auta ya same ni, zaune a ƙasa da littafi a cinya.

"Matar yaya, tashi don Allah. Bar kayan nan."

"Ina za ka kai su?"

"Ba inda za su. Masallaci ya ƙi su, shara kuma ba ta halatta ba, akwai sunan Allah a ciki. Na tambaya, an ce a ƙona. Gobe bayan asuba zan hau da su rufi, khalas, shi ke nan."

"Ka ƙona ubanka?"

"A'uzu billahi! Wace irin magana ce wannan?" Ya rage murya, ya dubi ƙofa. "Ke ba ki ga rubutun da ke ciki ba? Baƙaƙen Larabci ne, amma ba Larabci ba ne. Na gwada, ba ma'ana. Kin san garin nan. Wani ya gani ya ce ɗalasimai ne, ya ce tsohon nan asiri yake yi, ina za mu sa kanmu?"

Na yi dariyar da ban shirya ba. "Asiri? Kai Auta, da gemunka? Hausa ce! Harshen da aka yi maka rawar goyo da shi."

"Ko ma mene ne. Jiya an yi mana dariya a gaban jama'a."

"Kai ka kai soja ba wando masallaci, ba ni ba. Ko buhun shinkafa ne ai a kwance bakinsa kafin a bayar."

Wannan ta yi masa zafi. Tun yana ɗan shekara goma nake tsokanarsa yana ramawa, amma ranar bai rama da wasa ba.

"Matar yaya, ina ganin girmanki. Amma kayan nan gado ne, kuma kin sani ba ki da kaso a ciki. 'Ya'yanki ma ba su da shi, tunda yaya ya riga Baba. Ni da 'yan'uwana mun gama magana."

Gaskiya ya faɗa, shari'a ce, ban ja ba. Ko allurar Baba ba ni da haƙƙi a kanta. In na ɗauke kwalin na ɓoye na zama ɓarauniyar kayan magada. In na bari, gobe war haka toka ne, kuma abin da zai rage na Baba shi ne Alhajin matar maƙwabci, wanda ba ya dariya. Jikokina za su tashi su ji an ce kakansu daga masallaci sai ɗaki. Na mayar da littafin gafakarsa, na hau sama.

Da asuba na yi salla, na dafa shayi a butar Baba. Ita dai kayan kicin ce, tawa ce, babu mai ja. Na sauko da ita da kofi biyu, na jawo kwalin daga ƙarƙashin matakala zuwa tsakiyar zaure, inda duk mai shiga da fita sai ya ratsa. Ban fitar da shi daga gidan ba ko taku ɗaya. Na zauna a kansa, na ajiye butar a gabana, na zaro mai begila.

Maza suka fara dawowa daga masallaci. Auta ne a gaba, da galan ɗin kananzir a hannu. Ya tsaya turus. Ban dube shi ba.

Na ce, "Ke buta, saurara. Tunda babu kowa a gidan nan sai ni da ke."

Na fara karantawa da ƙarfi, ina bin fensirin Baba da yatsa. Karatuna ba mai sauri ba ne, ina tuntuɓe ina tashi. Na ji ƙofofi suna buɗewa a sama. Na wuce inda aka naɗa mai begila, na wuce inda ya yi rantsuwa ba zai makara ba, na zo inda saje ya same shi yana minshari. Na ƙanƙance murya iyakar iyawata. "Kai, tashi awa namiji! Mi kaka yi nan?"

"Ba haka ba ne," in ji Auta.

Na ɗaga kai. Galan ɗin na nan a hannunsa.

"Ba haka Baba yake yi ba. Kin mayar da saje kamar mai tallan fura. Daga maƙogwaro yake fitowa."

Na zuba shayi a kofi na biyu, na tura masa da gindin butar.

"To ajiye wannan abin ka zauna," na ce. "Ni in karanta sauran, kai ka yi saje."